Wai gem ɗin kashe-kashen nan da yara ke bugawa bai wuce gona da iri ba kuwa?

Kawun_Yara (gefen Ringim):

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya, ku yi haƙuri zan ɗan ja ta da tsawo don abin ya kwana biyu yana ci min tuwo a ƙwarya.

Ni a wani ƙauye nake tsakanin Ringim da Taura, noma nake yi, da damina kuma ina ɗan taɓa sayar da taki da maganin feshi. Yayana ya rasu shekara uku kenan, Allah ya jiƙansa, yaransa biyu suna hannuna, babban shekararsa 11. To a bakin kasuwarmu akwai wani shagon cajin waya, mai shagon ya sa sola ya ƙara da ɗan janareta, bara kuma sai ya kawo talabijin biyu da PlayStation 2 yara suna biya suna buga gem. Ni duk a zatona ƙwallo suke bugawa don kullum in na wuce ihun gol nake ji.

Ranar Asabar bayan la'asar na aiki yaron ya karɓo min wayata a wajen caji. Shiru shiru kamar an aiki bawa garinsu har rana ta kusa faɗuwa, sai na bi sahu. Na tarar da shi a kan benci, yara sun fi goma sun yi masa rumfa, bai ma san na shigo ba. Sai na tsaya a bayansa ina kallo. Wani mutum ne a talabijin ɗin da farar singileti, ya tare mota a tsakiyar titi ya buɗe ƙofa ya fizgo direban ya wurgar, ya shige ya bi ta kan mutanen da ke tafiya a gefen hanya, can kuma ya tsaya ya fito da wani kulki ya hau jibgar wata mata mai ɗan guntun siket har ta faɗi jini ya malala, kawai sai ga kuɗi kore shar sun fito a gefenta ya kwashe. Yaran nan suka kaure da ihu, ɗauki kuɗin, gudu gudu ga 'yan sanda nan. Na dafa kafaɗarsa na ce kai me matar nan ta yi maka? Ko juyowa bai yi ba ya ce "Kawu ai ba abin da ta yi, kuɗi ake samu."

Wlh wannan amsar ce ta tsaya min a rai, ba ma jinin ba. Yaron da in za a yanka kaza a gida sai ya kau da kai.

Na tambayi sunan gem ɗin suka ce GTA. Akwai kuma wani da suke yi a waya wai Free Fire, shi kuma harbe-harbe ne daga farko har ƙarshe. Na san mu ma da muna yara mun sha kallon finafinan 'yan Chana a gidan kallo, muna fitowa muna kai wa juna ƙafa, amma ni a ganina kallo daban, kai da hannunka ka danna a kashe mutum daban. Shin masu yin gem ɗin nan ba su wuce gona da iri ba? Kuma in hana shi kwata-kwata ne, ko in kai maganar wajen mai unguwa ko Hisbah? Ba na son in tona wa mai shagon asiri a banza, yaron kirki ne muna gaisawa da babansa.

Malamin_Firamare (Gaya):

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan yayanka ya ba ka ladan riƙon marayu.

Gem ɗin da ka gani sunansa GTA San Andreas, kamfanin Rockstar ne ya fitar da shi tun 2004, kaga ya girmi yaron naka nesa ba kusa ba. Abin da zai ba ka mamaki su kansu masu shi ba su ce na yara ba ne. A Amurka alamar M ce a jikin kwalinsa, ma'ana sai ɗan shekara 17 zuwa sama, a Turai kuma 18 aka rubuta ɓaro-ɓaro. Kai a 2005 ma sai da aka gano wani wajen batsa da aka ɓoye a cikinsa, aka ɗaga alamar ta koma ta manya zalla, manyan shaguna suka kwashe shi daga kanta, sai da kamfanin ya cire abin ya sake fitarwa.

Wannan rigimar da kake yi su ma sun yi ta. A 1992 aka fito da Mortal Kombat, wanda in ka ci abokin faɗanka za ka iya tsige masa kai har da ƙashin baya, iyaye suka yi ca, a ƙarshen 1993 majalisar dattawan Amurka ta zauna a kai, sanatoci biyu Joe Lieberman da Herb Kohl su suka ja gaba. Daga nan a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai manna wa kowane gem alamar shekaru, Turai kuma suka yi tasu PEGI a 2003, ita lamba take sawa: 3, 7, 12, 16, 18.

To ga inda gizo ke saƙar. Tunda ka ce kana sayar da maganin feshi ka fi ni sanin wannan: jarkar tana zuwa da rubutu a jiki, ga hoton ƙoƙon kai, ga yadda ake haɗawa, ga gargaɗin a ajiye nesa da yara. Amma in aka tsiyaya shi a robar lemo aka sayar wa mai ɗan ƙaramin lambu, ina rubutun? Haka gem yake iso mana. Babu kwali babu alama, a Kano ake loda su cikin na'ura guda hamsin guda ɗari a kawo ƙauye, na waya kuma ta Xender yaro ke tura wa yaro a bayan aji. Abin da aka yi wa ɗan shekara 18 sai ga shi a hannun ɗan 11, kuma shi mai shagon ina da tabbacin bai taɓa ganin kwalin ba balle ya san an rubuta wani abu.

Maganar ko yana mayar da yaro ɗan ta'adda kuwa, a nan zan ɗan kwantar maka da hankali. An daɗe ana bincike, musamman bayan harbin makarantar Columbine a 1999 da aka ce yara biyun da suka yi harbin suna buga wani gem ɗin harbi mai suna Doom. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka a 2020 ta ce babu isasshiyar hujja cewa gem ne ke sa mutum ya aikata ta'addanci, abin da suka yarda da shi wata 'yar alaƙa ce ƙarama da saurin hasala, irin tsawa da ture-ture. A 2019 masana a jami'ar Oxford sun bi yara kusan 1,000 'yan shekara 14 da 15 a Birtaniya, suka tambayi iyayensu ma, ba su ga cewa masu buga na faɗa sun fi sauran rigima ba. A 2011 kotun ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan gem ɗin, cikin dalilanta har da cewa ba a tabbatar da cutarwar ba. Ga Japan da Koriya ta Kudu nan, sun fi mu buga gem ninkin ba ninkin, amma kisan kai a can kaɗan ne ƙwarai.

Sai dai fa kar a ɗauki wannan a ce shikenan ba komai. Su bincikensu a kan ko yaro zai ɗau makami ne, ni kuma da nake tsaye gaban allo kullum abin da nake gani shi ne bakin yara ya canza, abin da ake jin nauyin faɗa da yanzu wasa ne. Ka cire shi daga GTA, wannan ko shawara ba sai ka yi ba. Amma ƙwallo da tseren mota ka bar masa.

Mai_Caji_Dambatta:

Toh ni dai sana'ata aka taɓo dole in yi magana, Allah ya ba ku haƙuri.

Shekara shida ina wannan harkar a wani gari kusa da Dambatta, gsky Malamin Firamare ya faɗi gaskiya ni ban taɓa ganin wani kwali ba, na'ura nake kaiwa a zuba min gem a dawo min da ita, abin da ke ciki sai na kunna nake gani. Amma Malam mai tambaya ka sani cikin yara goma da ke shigowa shagona takwas ƙwallo suke nema, wannan ya ɗau Barcelona wancan ya ɗau Madrid a yi ta musu har a rabu dutse a hannun riga. Na taɓa goge GTA ɗin da kaina sbd wani dattijo ya yi min magana, kun san me ya faru? Sati bai zagayo ba yaran suka koma wani shago a bayan tasha inda ake busa sigari da abin da ya fi sigari, shi can ba ruwansa ko ɗan shekara biyar ne kuɗinka kawai. Ni kuma ga kuɗin mai ga haya.

Kuma dan Allah a daina ɗora wa gem komai. Faɗan 'yan daba a Kano tun kafin a haife ni ake yinsa, lokacin wa ya san PlayStation? Faɗan 'yan farauta fa, da ake dawowa da mutum a sassare? Mu nan da kaka in an kafa dambe har da yara ake zuwa, a ga an nausa wa mutum hannu ya zube hanci na jini, makaɗi na zuga jama'a na shewa, ba wanda ya ce tarbiyya ta lalace sai a ce al'ada ce. Sharo fa da ake tsula wa saurayi bulala a ƙirji fata ta fashe yana murmushi yana duba madubi? Wannan jinin gaske ne, na talabijin kuwa kana kashe janareta ya tafi.

Ban ce yana da kyau ba fa. Ni kaina ba na barin ƙanina ya buga shi. Abin da nake yi yanzu in na ga yaro bai kai ba sai in ce masa wannan ya lalace ba ya buɗewa, ƙarya ce dai Allah ya yafe min amma tana aiki. Abin da ke ba ni haushi iyaye ne, uba zai ba yaro kuɗi ya ce tafi shagon wane ka bar ni in huta, tun safe har azahar ba wanda zai leƙo, ran da ya ga abin da bai masa ba kuma sai ka ji an ce Hisbah. Ka je ka same shi ku yi magana ta fahimta Malam, in yaron kirki ne kamar yadda ka ce zai ji.

Maman_Ummi (Birnin Kudu):

Ku maza duk kun tsaya a kan jini. Ni da za a tambaye ni jinin shi ne ƙarami a ciki.

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, ɗana na fari shekararsa 14, babansa ya saya masa waya ya ce don karatu, ni dai na yi shiru. Wata uku ba a yi ba yaro ya koma kamar mai jinya, ido ja, ana kiran asuba sai an yi da gaske, malaminsu ya aiko cewa barci yake a aji. Wata rana wajen ƙarfe ɗaya na dare na fito zan zaga, sai na ga haske a cikin gidan sauronsa, na matsa a hankali, wlh muryar ƙaton namiji na ji tana fitowa daga wayar yana ɗura ashar da Hausa, irin wadda ko a tasha sai an waiga, ɗana kuma yana raɗa yana cewa yi haƙuri oga na kusa zuwa. Na ce waye wannan? Ya ce ɗan tim ɗinsu ne bai san shi ba, a Free Fire suka haɗu. Mutumin da ba mu san garinsu ba, ba mu san shekarunsa ba, yana cikin ɗakin ɗana ƙarfe ɗaya na dare. Wannan ba ya cikin alamar shekarun da Malam ya lissafa, ko yana ciki?

Sai maganar kuɗi. Gem ɗin kyauta ake saukewa amma a ciki ake sayar da wani abu wai dayamon, da shi ake sayen riga da kwalliyar bindiga, in ba ka da su abokai su raina ka. Kuɗin adashena da na ajiye a cikin kwalla sai da ya taɓa, ya kai wa mai POS aka tura. Da na ritsa shi kuka ya fashe da shi ya ce riga ya saya. Riga kuma? Ina take? Wai tana cikin waya, jikin ɗan gem ɗinsa.

Ba ni kaɗai ke faɗa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa jarabar buga gem a jerin cututtuka, aka fara aiki da shi a Janairun 2022. Amma ba kowane mai bugawa ba ne mara lafiya, sai wanda ya kasa tsayar da kansa, ya fifita shi a kan karatu da barci da komai, yana ganin illar yana ci gaba, kuma yawanci sai abin ya kai kamar wata 12. A Chana tun Agustan 2021 yaron da bai kai 18 ba awa ɗaya aka yarda ya buga gem ɗin intanet, ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranar Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Su da suke ƙera wayoyin kenan.

Ni dokar da na kafa, ana idar da isha'i waya tana ɗakina. Mun sha rigima sati biyu, har da yajin cin tuwo, yanzu ya saba.

Dan_Booyah_Hadejia:

Kawu da Mama ku yi haƙuri ni yaro ne a cikinku shekarata 19 amma bari in faɗi namu ɓangaren tunda mu ake magana a kai

ni ina buga Free Fire da PUBG da Call of Duty na waya kusan shekara biyar kuma ko kaza ban taɓa mara ba, ina zuwa gona ina taya babana aikin shinkafa a fadama in na dawo na yi wanka in buga awa ɗaya biyu, Free Fire mutum 50 ake zubawa a tsibiri wasa ɗaya kamar minti 10 ne PUBG kuma 100, wanda ya rage shi ya ci, wlh lokacin da kake ciki ba tunanin kisa kake ba tunaninka ina zan ɓuya ina abokina ya faɗi in je in tashe shi, kamar langa ce fa, ai a langa ma cewa ake an kashe ka in an ka da kai kuma ba wanda ya taɓa cewa langa na koya kisa. turancin da nake ɗan ji yanzu rabi a nan na koya don akwai 'yan Ghana a tim ɗinmu

masu cewa ai Indiya ta hana PUBG a 2020 da Free Fire a 2022 eh ta hana amma dalilin da gwamnatinsu ta bayar tsaro ne da bayanan mutane, rigimarsu ce da Chana ba wai don harbi ba

GTA kam na yarda bai dace da ɗan shekara 11 ba don shi ba ruwansa da abokin gaba, kowa ka gani a titi za ka iya bugewa kuma akwai wuraren da ko ni in babba ya shigo sai na canza. maganar Mama ta masu zagi ma gaskiya ce amma ana iya kashe muryar a cikin saitin a bar ta 'yan tim ɗin da ka sani kawai

amma tambaya ɗaya zan yi kar a ce na yi rashin kunya. bidiyon da ake turawa a WhatsApp na mutanen da 'yan bindiga suka kashe a ƙauyuka, gawa a jere jini na gaske mata na kuka, wa ke turawa? ba mu ba ne, manya ne a majalisa, wannan ya miƙa wa wannan waya ana salati yara na leƙe ta kafaɗa, daga baya ma a ba yaron wayar ya kai caji bidiyon na ciki ba a goge ba. ni na farko da na gani a wayar kawuna na gani ina aji shida na firamare kwana uku ban yi barcin kirki ba, gem bai taɓa hana ni barci don tsoro ba

Ladanin_Unguwa (Sumaila):

Yaron nan na Haɗeja ya faɗi magana mai nauyi, duk wanda ya ji zafinta to ta same shi ne, ni ma ta same ni.

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ɗalibi ne. Na san dai majalisar malaman Aceh a Indunusiya ta ce PUBG haramun ne a 2019, a shekarar kuma majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana shi, wasu malaman kuma suna duba abin da ke cikin wasan ne da abin da yake hana ka, in ya ci sallah ko ya kawo tsiraici ko caca to hukuncinsa ya canza. Akwai kuma abin da ba a ambata ba a nan, wato aƙida. A 2020 PUBG sun saka wani waje da ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ya samu ƙarfi, sai da Musulmi suka yi ƙorafi suka cire. A 2021 an ga shafukan Alƙur'ani a warwatse a ƙasa cikin Call of Duty Vanguard, kamfanin ya ba da haƙuri ya cire. Duka biyun 'yan gem ɗin ne da kansu suka gani suka ɗaga murya, shi ya sa ba na son a mayar da yaran nan abokan gaba.

Batun hukuma kuwa Malam, mu a Kano hukumar tace finafinai tana nan tun 2001, za ta iya shiga gidan kallo, Hisbah za ta iya rufe shago, amma wayar da ke cikin gidan sauro ƙarfe ɗaya na dare fa? Wannan sai mai gida. Hadisin dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, da mu yake. Kar ka fara da ƙara, fara da sallama.

Malamin_Firamare (Gaya):

Maman Ummi kin yi gaskiya, alamar shekarun abin da kamfani ya zuba a gem take aunawa, ba ta auna bakin mutanen da za ka haɗu da su a ciki, su ma hukumomin sun faɗi haka. In wayar Android ce akwai Family Link na Google, kyauta ne, daga wayarki za ki sa awannin da tasa za ta yi aiki, lokaci na cika ta kulle kanta, kuma ba ya sauke komai a Play Store sai kin amince.

Mai Caji ni ma ina son dambe, amma a dambe ƙato ne da ƙato kowa ya ɗaure hannu ya shigo da yardarsa, wanda ya faɗi kuma a ɗaga shi. Matar da ke tafiyarta a titi ba ta ɗaure hannu ba.

Kawun_Yara (gefen Ringim):

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Bari in ba ku labarin yadda aka ƙare.

Jiya bayan isha'i na je na sami mai shagon shi kaɗai yana haɗa wayoyi, na ba shi misalin robar lemon nan da Malam ya kawo, ya yi dariya ya ce wlh shi bai san akwai wata lamba 18 ba. Bai yarda ya goge ba, ya ce samari na nema kuma su ne masu kuɗin, amma mun tsaya a kan ba zai kunna shi ba sai bayan isha'i lokacin yara sun watse, kuma talabijin ɗin da ke kallon ƙofa ƙwallo kawai. Ban samu duk abin da na so ba amma ban kai shi ko'ina ba, mun rabu da musabaha.

Shi kuma yaron da na ce masa ba shi ba GTA ya kumbura kamar alkubus, sai na ce to tashi mu je ka koya min ƙwallon. Na zauna a bencin nan da girmana yara na ta dariya, ya ba ni Madrid ya ɗau wani kulob da ban taɓa jin sunansa ba ya zura min shida ba ko ɗaya, ɗan wasana sai gudu yake yana fita daga fili ni kuma ina ta danna abin da ban sani ba. A hanyar gida na sake tambayarsa maganar matar nan, ya ce "Kawu ai ba mutum ba ce, in ka zagayo za ka ga wata irinta sak." Ban san ko wannan amsar ta kwantar min da hankali ko ta ƙara tayar min ba.

Ɗan Haɗeja, kai kuma Allah ya yi maka albarka. Da na koma gida na buɗe wayata, wadda nake ba shi ya kai caji kusan kullum, na sami bidiyo huɗu irin waɗanda ka faɗa, ɗaya ma ni na tura wa wani guruf da hannuna. Na goge su. Ban iya tambayarsa ko ya gani ba.

Malamin Firamare dan Allah wannan Family Link ɗin, yaron ba shi da waya tasa, ta mahaifiyarsa yake ɗauka in ta shiga kicin, kuma ita ba ta karatun boko. Zai yiwu in haɗa tata da tawa ko sai an buɗe masa nasa imel ɗin daban? In da hali ka rubuto min yadda ake yi ɗaya bayan ɗaya, ranar kasuwa zan sa data in gwada.